Taragon gonakin inabi na Franschhoek: abin da tikitinsa ke saya wa matafiyi

Daga Cape Town zuwa garin Franschhoek a Afirka ta Kudu kilomita 75 ne ko kusa da haka, tafiyar awa ɗaya idan titi babu cunkoso. Ana bin babbar hanyar N1 har dab da Paarl, a sauka a kama R45, a yi ta ratsa gonakin inabi da na 'ya'yan itatuwa har hanya ta shigar da mutum wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya ta gefe uku. Garin kansa ɗan ƙarami ne, babban titinsa guda ɗaya, amma gonakin da ke matse inabi a kewayensa sun haura 40, kusan kowacce da ɗakin ɗanɗanawa, da yawansu kuma da gidan abinci. Sunan garin a harshen 'yan Holan yana nufin kusurwar Faransawa. Asalinsa kuwa 'yan gudun hijira ne daga Faransa, Kiristoci mabiya ɗariƙar Furotesta da ake kira Huguenot, waɗanda aka fara ba filaye a yankin a 1688, shekara uku bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini. Shi ya sa har gobe allunan gonaki ke ɗauke da sunaye irin su La Motte, Chamonix da Grande Provence a wurin da mutanensa Afrikaans da Turanci suke yi.

Matafiyin da ya zo da motar haya zai ci karo da lissafi tun kafin ya zauna. Dokar Afirka ta Kudu ta ce kada barasar da ke jinin direba ta kai giram 0.05 a cikin mililita 100, kuma 'yan sanda na kafa shinge a hanyoyin nan, musamman ƙarshen mako da hutun Disamba, su sa mutum ya hura na'ura. A ɗakin ɗanɗanawa kuwa akan zuba mililita 30 zuwa 50 na kowane iri, a kawo iri biyar ko shida. Ɗauki mililita 40 sau biyar, 200 ke nan a gona ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya kai mutum marar ƙiba bakin iyakar doka ko ya tsallakar da shi. Gona huɗu 800, alhali kwalba cikakkiya 750 ce. Kwalbar da ƙarfinta ya kai kashi 13.5 cikin ɗari tana ɗauke da kimanin giram 80 na barasa zalla, hanta kuwa abin da take iya narkarwa a awa bai wuce giram 7 zuwa 10 ba. Shan kofi ba ya ƙara mata sauri, watsa ruwan sanyi ma haka. Ga shi kuma a ƙasar ta hannun hagu ake tuƙi, abin da ke rikita wanda ya saba da titunan Najeriya ko Nijar ko da idonsa biyu garau.

Wannan giɓin ne kamfanin Franschhoek Wine Tram ya shigo ya cike a 2012. Ya farfaɗo da wani tsohon layin dogo da aka shimfiɗa a 1904 domin manoma su riƙa fitar da amfanin gonarsu, wanda daga baya aka daina amfani da shi, ya ɗora masa tarago mai buɗaɗɗun tagogi, daga baya ya ƙaro masu hawa biyu. Sai dai ya kamata mai sayen tikiti ya sani tun farko cewa taragon da yake gani a hotuna ɗan yanki ne na tafiyar. Dogon bai bi ta yawancin gonakin ba. Mafi yawan zirga-zirgar a cikin bas ake yi, bas ɗin da aka yi wa fenti da siffar tarago, gefensa a buɗe, kujerunsa benci. A wasu gonakin da dogon ya bi ta bayansu, tarakta ce ke jawo amalanke mai kujeru ta kwashi baƙi daga dandamali zuwa ƙofar gida. Wanda ya zo da tunanin zai wuni a jirgin ƙasa zai ji an rage masa wani abu. Wanda ya zo don a karɓe masa sitiyari na wuni guda zai sami ainihin abin da ya biya.

Tikitin 'yan ɗaruruwan rand ne, wato kuɗin ƙasar, ana saye ta intanet, kuma a lokacin saye ake zaɓen abu biyu da ba a canzawa cikin sauƙi daga baya: layi da lokacin tashi. Layukan da launi ake bambanta su, kowane layi yana zagaya gonaki kusan takwas a jere ɗaya, ta fuska ɗaya. Kamfanin kan sauya gonakin da ke kan kowane layi daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka jadawalin da ke shafinsa a makon tafiyarka shi ne abin dogaro, kada ka riƙe wanda wani ya turo maka daga bara. Tashoshi biyu ne, ɗaya a cikin garin Franschhoek, ɗaya a Groot Drakenstein kafin a iso gari, kuma kuskuren da ya fi yawa da safe shi ne mutum ya je tashar da ba tasa ba. Tsakaninsu tafiyar kusan minti 15 ce a mota, wadda ta isa ta sa a rasa tashin farko. Kuɗin tikitin na sufuri ne kawai. Ɗanɗanawa kowace gona da nata kuɗin, daga ƙasa da rand 100 zuwa ninkinsa ko fiye, abinci daban, wasu gonakin ma da kuɗin shiga. Idan aka haɗa lissafi da yamma, tikitin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka kashe.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne jadawali, don haka bari mu tsaya a kansa. Mota na dawowa kowace gona kusan bayan awa guda. Awa ɗaya tana da tsawo a takarda, amma ga yadda take ƙarewa: minti biyar zuwa goma na tafiya daga inda aka sauke ku zuwa ɗakin ɗanɗanawa, wasu goma na jiran a zaunar da ku domin mutum ashirin ko talatin ne suka sauka tare, rabin awa na ɗanɗanawar kanta, sannan biyan kuɗi, shiga bayi, da komawa wurin tsayawa minti biyar kafin lokaci. Direban ba ya jira, domin idan ya jira ku ya makara wa na gaba. Ka rasa shi da minti ɗaya, ka ƙara awa guda a wurin da ka riga ka gama da shi. Tun da layin ba ya komawa baya, gonar da ka wuce ta wuce, sai in za ka sake zagayowa. Daga wajen ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma, lokacin da yawancin ɗakunan ɗanɗanawa ke rufewa, awa bakwai ce. Masu kwaɗayi kan cusa gona shida a ciki, su tsallake abincin rana, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala: daga gona ta huɗu harshe ya mutu, komai ɗanɗanonsa ɗaya, rana ta bugi kai, kuɗin ɗanɗanawa na ƙarshe sun tafi a banza. Tsarin da ya fi dacewa shi ne gona uku, ɗayarsu a ba ta awa biyu cur domin cin abinci. A fara duba lokacin da mota za ta sauke ku a gonar, sannan a kama tebur a gidan abincinta da ƙarin minti 15. Wanda ya fara kama tebur kafin ya duba jadawali yakan tarar mota na isa minti 40 kafin lokacinsa ko 20 bayansa.

Ɗakin ɗanɗanawa ga yadda yake. Za a jera maka kofunan gilashi masu dogon wuya a kan takarda mai sunayen giyar, da tulun ruwa, da wani ɗan bokiti na ƙarfe ko na yumɓu a tsakiyar tebur. Bokitin na tofarwa ne, kuma tofarwa ba rashin ladabi ba ce a wurin, haka masu sana'ar da kansu suke yi, in ba haka ba ba za su kai azahar a tsaye ba. Idan ba a kawo ba, a tambaya. Ana farawa da mai kumfa, sai fara, sai ja-ja mai haske, sai ja, mai zaƙi ta zo ƙarshe, saboda mai nauyi na danne ɗanɗanon mara nauyi idan ta riga ta. Kofin a wuya ake riƙe shi don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Farar ana son ta tsakanin digiri 8 da 12, jar kuma 16 zuwa 18, kuma a ranar zafi a waje jar kan ɗumama cikin minti goma har ƙamshin barasa ya rufe komai. Ana juya kofin a hankali, a sansana, a kurɓa kaɗan a zagaya da shi baki. Wannan baurin da ke kama dasashi a jar giya, irin na goro ko shayin da ya daɗe a wuta, daga ɓawon inabi da ƙwallonsa da katakon gangar da aka ajiye ta yake fitowa. Idan kofi ya zo yana warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar kwalbar ce ta lalata ta, kuma duk gonar kirki za ta buɗe wata ba gardama. Wani abu da ya shafi mutanenmu kai tsaye shi ne turare. Mun saba kada a fita sai an fesa mai ƙarfi, amma a ɗakin da aikin kowa sansanawa ne, turarenka zai toshe hancinka da na teburin da ke kusa da kai.

Wanda yake son ya san abin da yankin ya yi fice a kai, abu huɗu ne. Chenin Blanc ita ce inabin da aka fi shukawa a ƙasar. Pinotage kuwa a nan aka ƙirƙire ta, Farfesa Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ne ya haɗa irin inabin Pinot Noir da na Cinsaut wajen 1925. Sai Semillon, wadda a Franschhoek akwai tsofaffin kurangarta da aka dasa tun 1902 kuma har yanzu suna 'ya'ya. Na huɗu ita ce mai kumfa da ake kira Cap Classique, wadda ake sake tsimawa a cikin kwalbarta kamar yadda ake yi a yankin Champagne na Faransa. Gonar Haute Cabrière da ke kan gangaren dutse ta yi suna a kanta, har da al'adarsu ta fille kan kwalba da takobi.

To, mai karatu da yawa zai ce shi ba ya sha, me ya kai shi? Tambaya ce ta gaskiya kuma amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa. Ga Musulmi giya haramun ce, kuma malamai da dama sun hana ko zama a teburin da ake shan ta. A kan wannan taragon kuwa ba za a kauce wa ganinta ba, domin akan miƙa wa fasinjoji ɗan kofi na maraba, kuma daga ƙarfe uku na yamma za ka ji muryoyi sun ɗaga. Wanda wannan zai dame shi ya bar taragon, ya tuƙa motarsa da kansa ya je wuraren da yake so, tun da shi ba abin da zai hana shi riƙe sitiyari, hasali ma ya fi kowa 'yanci a wannan kwari. Amma akan sami tawaga mai gauraye, abokan aiki da suka zo taro Cape Town, ko iyali da wasu ke sha wasu ba sa sha. A irin wannan, zaɓen layi shi ne komai, kuma layukan da ke tashi daga Groot Drakenstein su ne suka fi dacewa, saboda gonaki biyu.

Ta farko Babylonstoren, gonar da tarihinta ya koma 1692. Lambunta babba ne, da tsirrai sama da iri 300, kusan duk ana ci ko ana magani da su. Ruwa na bi ta ƙananan magudanai tsakanin fangulla, an ɗaure itatuwan tuffa da fiya a jikin waya sun baje kamar tabarma, akwai rumfar kabewa da ƙwarya, akwai lungu na zaitun da na lemo, ga agwagi suna bin layi suna tsince dodon koɗi. Duk manomin rani da ya taɓa jan ruwa a fadama zai tsaya ya daɗe yana kallon yadda aka karkata magudanan nan ruwa na tafiya da kansa ba injin. Awa ɗaya ba ta isa wurin ba, biyu ma da ƙyar. Akwai kuɗin shiga. Babban gidan abincinsu, Babel, a tsohon garken shanu yake, kuma ana kama tebur makonni kafin zuwa, wani lokaci watanni. Wanda bai samu ba ya nufi Greenhouse da ke ƙarshen lambun, inda abincin ya fi sauƙi kuma layi ake bi. Ta biyu Boschendal, wadda aka kafa a 1685, mai faffaɗan fili a ƙarƙashin manyan itatuwa. Abin da ya fi a can shi ne kwandon abinci da ake ci a kan ciyawa, amma sai an yi oda tun kafin ranar, kuma a lokacin odar ne ake faɗin cewa ba a son naman alade ko ana son na ganye da kifi kawai. Idan ka bari sai an kawo kwandon, an riga an jera yankakken naman alade kusa da cuku.

Abin sha ga wanda ba ya shan giya akwai, amma a karanta kwalba. Ruwan inabi zalla, fari ko ja, mai gas ko marar gas, ana samu a yawancin gonakin, haka Appletiser da Grapetiser, lemun tuffa da na inabi masu gas, da shayin rooibos mai sanyi wanda ganyensa a tsaunukan Cederberg na wannan lardin na Western Cape yake fitowa. Wanda za a yi hattara da shi shi ne kwalbar da aka rubuta wa de-alcoholised. Wannan giya ce da aka gama tsimawa sannan aka cire mata barasa, kuma tana iya riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. Mai hidima zai iya kawo maka ita da zuciya ɗaya idan ka ce ba ka sha, don haka ka ce ruwan inabi kake so wanda ba a taɓa tsimawa ba.

Abinci ma yana da nasa tambayoyin, kuma masu hidima a wannan yanki sun saba da su, ba wanda zai yi maka kallon banza. Gidajen abincin gonaki galibi ba su da takardar halal, tun da suna sayar da giya kuma alade na shiga kicin ɗinsu. Romon da ake zubawa a kan nama sau da yawa da jar giya ake haɗa shi, kuma ba gaskiya ba ne cewa wuta na kore ta duka, bayan minti 15 na dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan. Tsiran hanji na ƙasar, boerewors, yawancinsa naman shanu ne amma akan haɗa da na alade, kuma hanjin da ake ɗura shi ciki sau da yawa na alade ne. Kayan zaƙi ma a tambaya: malva pudding asalinsa da jam ɗin apricot da kirim ake yi, amma ɗan'uwansa Cape brandy pudding sunansa ya faɗi abin da ke ciki, wato barasar brandy. Mafita mai daɗi ita ce kifi. Ana kiwon kifin trout a ruwan sanyin duwatsun Franschhoek, ana kawo shi gasasshe ko mai hayaƙi, sannan ga snoek na teku, dogon kifi mai ƙaya da yawa da ake gasawa a garwashi. Biltong kuma, busasshen naman ƙasar, kada ka zata kilishi ne. Yankansa kauri ne, da gishiri da ruwan tsami da coriander ake jiƙa shi a shanya a iska, ba tunkuza ba yaji mai yawa, ba a kuma kai shi wuta, cikinsa ma da sauran danshi. Wanda ke son nama da kwanciyar hankali ya nemi tambarin MJC ko SANHA, ƙungiyoyin da ke ba da takardar halal, ko ya ajiye yunwarsa sai Bo-Kaap a Cape Town, unguwar da masallacin Auwal na 1794 yake, ya ci bobotie, wato niƙaƙƙen nama da kori da zabibi da aka rufe da ƙwai da madara aka gasa, da shinkafa mai kurkur. Don salla, akwai masallatai a Stellenbosch da Paarl, amma a ranar tarago ba za ka kai gare su ba, sai dai ka ɗauki dardumarka ka nemi inuwa. A teburin gidan abinci ana ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na hidima, a duba takardar kuɗi tukuna domin ga tawaga mai yawa akan riga an saka.

Akwai abin da mai yawon nan ya kamata ya riƙe a ransa yayin da yake sha'awar fararen gidajen nan masu lanƙwasasshen goshi. Bayi ne suka gina su suka kuma noma gonakin, mutanen da aka kwaso daga tsibiran Indunusiya, Indiya, Madagaska da Mozambik, da yawansu Musulmi. A farfajiyar gonaki da dama har yanzu ga ƙararrawar da ake kaɗa musu. An 'yanta su a 1838, kuma ƙauyen Pniel da ke kusa da Boschendal an kafa shi a 1843 domin waɗanda aka 'yanta. Bayan bauta sai tsarin dop ya ci gaba, inda ake biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya yi ta gudana a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma lardin na fama har yau da yawan jariran da barasa ta yi wa illa tun suna ciki. Bayanin da ake yi wa fasinja a hanya ya fi karkata ga Faransawa da kyawun duwatsu, wannan ɓangaren sai mutum ya nema da kansa. Mai sayen kwalba yana iya duba tambarin Fairtrade ko WIETA, waɗanda ke nuna an binciki yadda ake riƙe ma'aikata.

Kamfanonin giyar sha'ir kuwa a ba su ranarsu daban. A babban titin Franschhoek akwai ƙaramin wuri, Tuk Tuk Microbrewery, da ake zuwa da ƙafa, tukwanen jan ƙarfensa a fili. Wanda ke son ganin aikin a babban mataki ya je Newlands a Cape Town, masana'antar giya mafi tsufa da ke aiki a ƙasar, wadda asalinta ya koma 1820. Ana kama wuri tun kafin zuwa, sai wanda ya kai shekara 18, kuma a sa rufaffen takalmi domin ƙasa na da santsi kuma ana iya samun fasasshen gilashi, mai silifa ana iya mai da shi daga ƙofa. Matakin farko duk wadda ta taɓa dama kunun zaƙi ta san shi: ana jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, domin tsiron ne ke samar da sinadarin da ke mai da sitaci sukari. Ana niƙa shi a jiƙa a ruwan zafi mai digiri 63 zuwa 68 na kimanin awa guda. Idan zafin ya haura sosai sinadarin da ke aikin ya mutu, idan ya gaza aikin ba ya kammala. A tace, a tafasa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tare da furen hop mai ɗaci, wanda a ƙasar a yankin George ake nomansa, a sanyaya da sauri don kada ƙwayoyin cuta su shiga, sannan a zuba yis. Nau'in ale na tsima a digiri 18 zuwa 22 cikin mako ɗaya ko biyu, lager kuma a sanyi mai digiri 8 zuwa 13, tana ɗaukar makonni. Tiren ɗanɗanawa na ƙarshen zagaye ƙananan kofuna ne har mutum ya raina su, amma biyar masu mililita 120 a kashi 5 cikin ɗari sun kai giram 24 na barasa, daidai da zama ɗaya a gonar inabi. Direba ya nemi Castle Free marar barasa ko makamanciyarta, ko ruwa.

Taragon yana cika alkawarinsa ne kawai idan ka kwana a Franschhoek. Wanda ya ajiye mota a tasha, ya wuni yana ɗanɗanawa, sannan ya shiga ya kama N1 da magariba bai tsira daga komai ba. A kama masauki a cikin gari inda za a taka da ƙafa, ko a shirya motar da za ta kawo ta mayar Cape Town tun kafin ranar, domin motocin haya na manhaja ba su da yawa a kwarin da yamma. Kwalaben da aka saya ana iya ba ma'aikatan taragon su ajiye a karɓa a tasha, wanda ya fi a yi ta yawo da su. Kada a bar su a bayan mota a rana, zafin da ya wuce digiri 30 na dafa abin da ke ciki har ya turo toshiya. A jirgin sama sai cikin babbar jaka, wanda kuma zai koma jihar da ke bin shari'ar Musulunci ya san dokar garinsa.

Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris ake girbin inabi, lokacin da za ka ga taraktoci da akwatuna a hanya ka ji ƙamshin matsi daga rumbuna, amma zafi kan haura digiri 35 kuma bas ɗin a buɗe yake, sai da hula da gorar ruwa. Disamba da farkon Janairu cunkoso ne, tikiti kan ƙare kwanaki kafin ranar. Yuni zuwa Agusta damina ce mai sanyi, mutane kaɗan, ana hura wuta a ɗakunan ɗanɗanawa, wasu gidajen abinci kuma kan rufe na 'yan makonni, sai a kira a tabbatar. Ranar Talata ko Laraba a watan Afrilu ko Oktoba ta fi kowace.

Washegari, bayan an karya kumallo an kuma ƙirga awannin da suka wuce tun kofin ƙarshe, hanya biyu ce mai kyau. R310 ta bi ta Pniel ta hau Helshoogte ta sauka Stellenbosch cikin kusan rabin awa. R45 kuma ta wuce gaban abin tunawa da 'yan Huguenot a ƙarshen gari ta hau Franschhoek Pass da kwanoni masu kaifi, ta gangara wajen madatsar ruwa ta Theewaterskloof. A sha mai kafin a hau, a sauko da motar a ƙaramin giyar tuƙi maimakon danne birki, a tsaya a wuraren da aka tanada kawai. Gwaggon biri na zama a bakin titin nan, kuma sun iya buɗe ƙofar mota, saboda haka idan an tsaya ɗaukar hoto a ɗaga gilashi, a kulle ƙofa, a ɓoye ledar abinci.